Taken Shirin Yara da Hoton da Ke Bayansa: Waiwaye Daga Minna

Duk wanda ya tashi a Minna tsakanin farkon shekarun 1980 da tsakiyar shekarun 1990, ya kuma samu leƙa akwatin talabijin, ko na gidansu ko na maƙwabta, yana ɗauke da wasu kaɗe-kaɗe a kansa waɗanda bai taɓa zama ya haddace su ba. Yau in aka saki ɗaya daga ciki a waya, a ofis ko a wurin ɗaurin aure, sai ka ga magidanci mai furfura ya dakata da magana yana kaɗa kai, yana bin kiɗan da baki. Wannan maƙala tana duban begen nan ne, da kuma tambayar da ke bin sawunsa: yaya za a yi da shi idan ta bayyana cewa wasu hotunan da kiɗan ke yi wa iso an zana su ne don a ƙasƙantar da baƙar fata? Matsayina shi ne kiɗan ba shi da laifi, begen ma halal ne, amma cewa "mu dai ba mu ga komai ba a lokacin" ba ya wanke hoton. Kuma in har za a bi ba'asi, ba a Amurka da Ingila zancen zai tsaya ba, domin a ƙasar Gwari muke zaune.

Yadda kiɗan ya shigo gari

An ƙirƙiri Jihar Neja a watan Fabrairu na 1976, aka ba Minna hedikwata. Shekara ɗaya bayan haka gwamnatin soja ta haɗe tashoshin talabijin na ƙasar a ƙarƙashin hukuma guda, wadda aka sani da NTA, aka kuma ɗauki manufar kowace hedikwatar jiha ta samu tasharta. Tashar farko a Arewa ita ce ta Kaduna da aka buɗe a 1962, shekaru uku bayan ta Ibadan. Saboda haka talabijin da zaman Minna babban birni kusan tare suka girma. Garin da ya taso a matsayin mahaɗar jirgin ƙasa, inda layin Baro zuwa Kano da aka kammala a 1911 ya ratsa, ya cika da ma'aikatan gwamnati, su ne kuwa masu sayen akwati da kafa eriya a kan gora.

Tashar ba ta aiki sai wajen ƙarfe huɗu na yamma. Da farko zane-zanen launi da wata ƙara mai tsini, sai taken ƙasa, sai shirin yara. Wannan tsari ya dace da rayuwar yaro: an taso daga boko, an yi la'asar, wasu sun sulale daga makarantar allo. A unguwannin Limawa ko Kwangila ko Bosso, gidan da ke da talabijin ya zama dandali, yara a zaune a ƙasa, wasu a taga. Ga kuma fargabar ɗauke wuta, a jihar da ke da madatsar Kainji tun 1968, aka ƙara mata Shiroro a 1990. Abin da ba shi da yawa, ba shi kuma da tabbas, shi ne ke shiga rai.

Bahaushe ba baƙon wannan al'amari ba ne. Ɗan dambe yana da takensa, manomi yana da nasa a wurin gayya, mahauci ma haka. Makaɗi ba ya bukatar kiran suna; da ya kaɗa taken, mai shi zai tsuma ya miƙe tun kafin ya yi tunani. Aikin kiɗan buɗe shiri ke nan. Yana tsuma yaro, ya fizgo shi daga rariya da gudu, ya zaunar da shi da zuciya a buɗe. Duk abin da ya biyo baya a kan allo zai tarar da ƙofa ba mai gadi. Mafi yawan waɗannan kaɗe-kaɗe ma babu kalmomi a ciki, irin na Tom and Jerry wanda Scott Bradley ya tsara, waɗanda ke da kalmomi kuwa da Turancin da yaron bai gama ji ba ne, sai ya cike gurbin da nasa surutun.

Me ya sa shirye-shiryen waje suka yi yawa? Kuɗi ne. Sayen tsohon shirin da Amurka ko Ingila suka riga suka ci ribarsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan haɗa sabo. A 1974 hukumar UNESCO ta wallafa binciken Kaarle Nordenstreng da Tapio Varis, wanda ya nuna cewa cinikin shirye-shiryen talabijin hanya ce mai tafiya ɗaya, daga ƙasashe kaɗan masu arziki zuwa sauran duniya. Da aka shiga tsuke bakin aljihu na shirin SAP a 1986, a mulkin Janar Ibrahim Babangida, ɗan garin nan, hannun tashoshin gwamnati ya ƙara ƙanƙancewa. Abin lura shi ne kayan da ake sayowa ba sababbi ba ne. Yaron Minna na 1985 yana kallon abin da aka zana wa Ba'amurken 1945, da tunanin wancan zamani a cikinsa.

Abin da ke cikin hoton

Tom and Jerry ya isa misali, don babu wanda bai san shi ba. William Hanna da Joseph Barbera suka fara shi a kamfanin MGM a 1940. Tun a fitowa ta farko akwai wata mace baƙa mai jiki, sanye da silifas da rigar aikin gida, wadda kusan kullum ƙafafunta da hannuwanta kawai ake nunawa, tana bin kyanwar da tsintsiya tana faɗa. Lillian Randolph ce ta yi muryarta, ta kuma ci gaba da fitowa har 1952. Mu a nan mun ɗauke ta uwar gida ce mai faɗa, irin wadda ke kowace unguwa. A Amurka kuwa kowa ya san ko wace ce: hoton baiwa ko 'yar aikin gidan Bature ce, mai ƙiba, mai hayaniya, mai karyayyen Turanci, wadda aka daɗe ana zanawa don a nuna cewa baƙar mace a wannan matsayi ta dace, kuma tana jin daɗinsa. Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen Amurka ta yi ƙorafi a kanta tun ƙarshen shekarun 1940. A shekarun 1960, da za a nuna zanen a talabijin ɗin Amurka, an sake zana wasu wurare aka musanya ta da farar mace. A 2014 kamfanin Amazon ya liƙa gargaɗi a kan tsofaffin fitowar cewa suna ɗauke da wariyar launin fata ta zamaninsu.

Akwai kuma wani barkwanci da ake yawan maimaitawa. Nakiya ta fashe a fuskar kyanwa, hayaƙi ya washe, sai ga fuskar ta koma baƙa ƙirin, leɓɓa sun kumbura sun yi fari ko ja, gashi ya miƙe an ɗaɗɗaure shi da ƙyalle. Mun yi dariya, don a ganinmu ƙuna ce kawai. Amma wannan fuska tana da tarihi. Tun wajen 1830 wani ɗan wasa farar fata, Thomas Rice, ya shahara da shafe fuskarsa da baƙi yana rawa yana kwaikwayon bawa, da sunan Jim Crow, sunan da daga baya aka laƙaba wa dokokin wariya na kudancin Amurka. Irin wannan wasa ya zama babbar sana'a a ƙarni na 19, da waƙoƙinsa da kiɗansa. Nicholas Sammond, a littafinsa na 2015, ya kafa hujja cewa zane mai motsi na Amurka magajin wannan dandali ne kai tsaye, har farin safar hannu da manyan idanu daga can aka ɗauko su. A 1968 kamfanin United Artists ya janye zane goma sha ɗaya na Warner daga kasuwa saboda munin wannan hoto a cikinsu. A Ingila kuwa BBC ta ci gaba da nuna shirin mawaƙa masu shafa baƙi a fuska tun 1958 har 1978.

Ba zane kaɗai ba. Mind Your Language, wanda kiɗansa ke tara iyali gaba ɗaya, an yi shi a Landan daga 1977 zuwa 1979. Aji ne na baƙi masu koyon Turanci, kowane ɗalibi an matse ƙasarsa gaba ɗaya cikin ɗabi'a guda: Bapakistane da Basikhe kullum cikin faɗa, 'yar Sin ba ta da zance sai na Mao, Bajapane sai rusuna. Michael Grade, ɗaya daga cikin shugabannin tashar da ta yi shi, shi ya dakatar da shi saboda wannan dalili. A Najeriya kuwa an ci gaba da sonsa shekaru da yawa bayan masu shi sun ji kunyarsa. Sai finafinan kaboyi, inda 'yan asalin Amurka ke fitowa da ihu daga bayan dutse don a harbe su, da Tarzan, wanda Edgar Rice Burroughs ya ƙirƙira a 1912 ba tare da ya taɓa taka Afirka ba.

Da wa yaron yake?

Nan ne gaɓar da ta fi wuya. A littafinsa na 1952, Frantz Fanon ya lura cewa yaro baƙi a tsibiran Antil in yana kallon Tarzan, da Tarzan yake, yana ƙin mutanen dajin da ke kewaye da shi. Sai ya je Turai ya zauna a sinima cikin Turawa sannan zai gane cewa a idonsu shi ne mutumin dajin. Chinua Achebe ma ya ba da labarin irin wannan game da karatunsa na ƙuruciya, cewa da fararen yake a kan waɗanda littattafan suka kira 'yan daji, kafin ya farga a wane ɓangare marubutan suka ajiye shi. Ɗaya daga cikin littattafan da suka farkar da shi, Mister Johnson na 1939, marubucinsa Joyce Cary jami'in mulkin mallaka ne da ya yi aiki a Borgu, ƙasar da wani sashenta ke cikin Jihar Neja a yau.

Yaron Minna bai je Turai ba. Duk wanda ke kewaye da shi baƙi ne: malaminsa, gwamnansa, mai karanta labarai, limamin unguwa. Babu wanda ya nuna shi da yatsa ya ce kai ne wancan mai ƙashi a hanci. Saboda haka raunin da hoton ya yi wa yaro baƙi a Cikago, wanda washegari zai shiga aji a kira shi da sunan abin da aka gani jiya, bai same shi ba. Wannan gaskiya ce, kuma wanda ya kwaso zafin muhawarar Amurka ya juye mana shi ɗungurungum bai yi wa tarihinmu adalci ba.

Sai dai rashin jin zafi ba shi ne rashin tabo ba. Abin da yaron ya koya shi ne akwai wata Afirka ta daji, ta matsafa da masu cin mutane, shi kuma ba ya cikinta. To su wa ke ciki? Wasu ne, can. Waɗanda ba su waye ba, mutanen ƙauye, mutanen dutse, waɗanda ba su iya Hausa ba, waɗanda ba su shiga addini ba. Hoton bai sa ya raina kansa kai tsaye ba, ya dai ba shi tsani ya kuma nuna masa cewa akwai na ƙasa da shi. A ganina wannan ce ainihin illar a wurinmu, kuma ta fi wuyar ganewa don tana zuwa da daɗin fifiko.

Masu kare waɗannan shirye-shirye suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Masani Stuart Hall ya daɗe da nuna cewa mai kallo ba randa ba ce da ake zuba wa ruwa. Yana karɓar wani, ya murɗe wani, ya ƙi wani. Binciken Brian Larkin a Kano ya tabbatar da haka a ƙasar Hausa: masu bandiri sun ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya na soyayya suka ɗora musu begen Annabi (SAW), suka raba kiɗan da hotonsa gaba ɗaya. Ashe kari yana iya barin gidan da aka haife shi. Wannan ya sa na ce kiɗan ba shi da laifi, kuma magidancin da ke kaɗa kai ba kewar 'yar aikin da aka ɓoye wa fuska yake yi ba. Kewar tabarmar yake yi, da abokan da wasu sun rasu, da mahaifiyar da ke kiransa cin tuwo yana cewa saura kaɗan. Svetlana Boym, a littafinta na 2001, ta raba bege gida biyu: akwai mai son a dawo da jiya yadda take a kuma hana kowa taɓa ta, akwai mai juya jiya a hannu yana dubawa, yana sonta yana kuma ganin tsagarta. Na biyun nake kira gare shi. Na farkon shi ne ke fusata da an ce akwai matsala, kamar an zagi iyayensa.

Mun ma ga na farkon a matakin ƙasa. A ranar 29 ga Mayu 2024 aka dawo da taken ƙasa na 1960, wanda wata Baturiyar Ingila, Lillian Jean Williams, ta rubuta, aka ajiye na 1978 wanda da shi tashar talabijin ke buɗewa a ƙuruciyar waɗanda nake magana a kansu. Masu suka sun nuna cewa tsohon yana ɗauke da kalmomin da Turawan mulki ke siffanta mutanen da suka mallaka da su. Cikin 'yan kwanaki majalisa ta zartar, begen wani rukunin dattawa ya zama doka.

Namu na gida

Da a ce shigo da hoton raini daga waje kawai aka yi, da zancen ya zo da sauƙi. Amma tsanin da na ambata ya tarar da wani a ƙasa. Minna garin Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, kuma kowa ya san matsayin da barkwancin Hausa ya ba Bagwari: mai karya harshe, mai saurin ruɗewa, wanda ake yi wa wayo a kasuwa. A wasannin tashe na watan azumi akwai Macukule, inda yaro ke sa tsummoki yana kwaikwayon Bagwari, 'yan amshi suna bi. Waƙar tana da daɗi, tana cikin abin da mutane ke tunawa da murmushi, kuma tsarinta bai da nisa da na Thomas Rice: wani ya sa kamannin wani don a yi dariya, wanda ake kwaikwaya kuwa ba a tambaye shi ba. Daga dandali wannan hali ya hau allo. Wasannin kwaikwayo na talabijin, daga baya kuma finafinan barkwanci na Kano, sun cika da Ɗan Gwari, da Bafulatanin da ya shigo birni ya rikice, da Inyamuri mai son kuɗi, da Bayarabe mai hayaniya.

Za a ce ai wasan taubasai ne, kuma al'adarmu ce. Lallai akwai wannan al'ada, tana kuma da amfani: Katsinawa da Nufawa, Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarabawa. Amma sharaɗin taubasantaka shi ne ramuwa. Banufe yana tsaye a gabanka, in ka jefa masa ɗaya ya mayar maka da biyu, a tashi ana dariya ba wanda ya bi wani bashi. Allon talabijin ba ya karɓar amsa. Wanda ke da tasha da harshen da ake watsa shiri da shi yana magana, ɗayan yana zaune a ɗakinsa a Maitumbi ko Paiko yana kallon yadda ake nuna kakansa. Da wasa ya rasa ramuwa, ya tashi daga taubasantaka ya koma wani abu dabam. Abin takaici, mutanen da ake yi wa wannan hoto su ne suka haifi Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ta shiga cibiyar Michael Cardew a garin da yanzu ake kira Suleja a 1954, ta nuna fasaharta a Turai da Amurka, ta rasu a nan Minna a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar naira ashirin. Su ne kuma aka tasa daga gonakinsu da yawa bayan dokar 1976 da ta kafa sabon babban birnin tarayya. Yaro nawa ne a wancan lokaci ya san sunanta kamar yadda ya san Macukule?

Ba cewa nake duk abin da muka yi a gida haka yake ba. Samanja na Usman Baba Pategi, wanda shi kansa Banufe ne kuma tsohon soja, ya yi wasa da Hausar bariki, amma dariyar a kan rayuwar soja take, kuma mai yin ta ɗan ciki ne. Cock Crow at Dawn, wanda aka fara a 1980 aka ɗauka a kewayen Jos, da waƙar Bongos Ikwue a bakinsa, ya nuna manomi da mutuncinsa. Tales by Moonlight ya zaunar da yara a gaban tatsuniya. Magana Jari Ce, wanda NTA Kaduna ta mayar wasan talabijin da Ƙasimu Yero a ciki, daga alƙalamin Abubakar Imam ya fito, haifaffen Kagara a wannan jiha a 1911. Waɗannan ma suna da takensu, suna kuma tsuma mutane har gobe.

Bambancin shi ne wanne ya rayu. Tom and Jerry yana nan cif, an wanke shi an gyara, yana kan YouTube da faifai da tauraron ɗan'adam, kuma kwafin da ke yawo a kasuwanninmu da wayoyinmu ba ya ɗauke da gargaɗin Amazon. Uban da ke begen ƙuruciyarsa zai kunna wa ɗansa cikin minti ɗaya. Namu kuwa da yawa sun salwanta, domin tsadar kaset ta sa tashoshi suna goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai, abin da ya tsira kuma zafi da ƙura suna cin sa. BBC ma ta yi irin wannan gogewa, amma ta bi sawun kayanta: a 2013 aka sanar cewa wani mai bincike, Philip Morris, ya gano kashi tara na shirin Doctor Who na shekarun 1960 da suka ɓace, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Bature ya taso daga Ingila ya tono nasa a cikin ɗakinmu.

Ba na goyon bayan a hana kallon tsofaffin zanen, ko a yanke wuraren da ke da muni a yi kamar ba a taɓa yi ba, don wanda bai ga hoton ba ba zai gane shi ba in ya dawo da sabuwar riga. Uban da ya kunna wa ɗansa, ya zauna tare da shi, in an zo wurin matar mai silifas ya gaya masa ko wace ce da dalilin ɓoye fuskarta. In azumi ya zo yara suka fito da Macukule, ya gaya masa su wane ne suka fara zama a kan dutsen Paida na nan Minna.

Sauran aikin na cibiyoyi ne. Sassan koyar da aikin jarida da harsuna a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai, da Kwalejin Ilimi ta jiha, su nemi izinin shiga ɗakunan ajiyar NTA Minna da gidan rediyon jiha, su lissafa abin da ya rage, su mayar da shi kan kwamfuta, har da shirye-shiryen Nupanci da Gbagyi, har da waɗanda za su ba mu kunya. Su kuma zauna da tsofaffin ma'aikatan da suka zaɓi abin da aka nuna mana, su ɗauki bayaninsu tun suna da rai.